Abba Ya Ce Sai Na Ajiye Babbar Waya Kafin In Koma Makaranta

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a wata jami'a a nan Arewa, ina karanta ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta, wato Maikurobayoloji, yanzu zan shiga aji uku. A aji ɗaya na fita da CGPA, wato matsakaicin makin duk jarrabawowina, 3.9. Da na shiga aji biyu Abba ya saya mini babbar waya, saboda komai na ajinmu ta WhatsApp ake yin sa: handawut, canjin wurin lakca, ranar tes. Yanzu CGPA ɗina ya dawo 3.1, ga kari-oba biyu, wato kwasa-kwasan da na faɗi sai na maimaita. Abba ya san sakamakona ya sauka, amma bai san da kari-oba ba. Ya ce wayar ce ta jawo, don haka in za a koma makaranta bayan hutu zan bar ta a gida in tafi da 'yar ƙarama mai tocila.

Wallahi Anti ba wai ba na karatu ba ne. Ina cikin guruf bakwai na karatu, PDF ɗin da ke wayata sun fi ɗari biyu, ina bin masu koyarwa a TikTok da YouTube, sau da yawa sai ƙarfe biyu na dare nake kwanciya. Jinga kuma ChatGPT, manhajar nan mai amsa tambaya da yi wa mutum rubutu, ke taimaka mini, kuma ina samun maki mai kyau. Sai dai wata rana wani malami ya tashe ni a aji ya tambaye ni abin da na rubuta a jingata kan rinin Gram, wato rinin da ake bambance ƙwayoyin bakteriya da shi, na kasa cewa uffan, aka yi ta dariya. Yaya zan shawo kan Abba ya bar mini wayata? Kuma amfani da ChatGPT haramun ne?

Ƙanwarki mai damuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Mu fara da lissafi, don na ga alama tsoro ya hana ki zama ki yi shi. Aji ɗaya 3.9, aji ɗaya da biyu a haɗe 3.1. Ke nan abin da kika samu a aji biyu shi kaɗai wajen 2.3 ne. A ma'aunin maki biyar da jami'o'inmu ke aiki da shi, daga 1.50 zuwa 2.39 digiri ne mai daraja ta uku. Ƙoƙarin da kika yi a aji ɗaya ne ya rufa miki asiri. Shi kuwa 2:1, wato digiri mai daraja ta biyu na sama, daga 3.50 yake farawa, kuma in kina son ki fita da shi, sai kin riƙa samun kusan 3.9 zuwa 4.0 a shekara biyun da suka rage. Da wuya, amma ba abin da ba ki taɓa yi ba ne. Kin yi shi a aji ɗaya.

To a nan ne hujjarki ke da rauni, kuma gara ki ji daga bakina kafin ki ji daga bakin Abba. A aji ɗaya ma ajinku na da guruf, ana tura handawut, ana canja wurin lakca, ke kuma ba ki da babbar waya, kika ci 3.9. In kika je gabansa da "ba zai yiwu in yi karatu babu ita ba", da wannan zai kayar da ke, kuma yana da gaskiya.

Na yarda ba ƙarya kike yi ba da kika ce kina karatu. Kina shan wahala, wannan kam ba shakka. Amma ki duba abin da kika lissafo mini: guruf bakwai, PDF ɗari biyu, masu koyarwar da kike bi. Duk tarawa ce. Babu inda kika ce kin rufe littafi kin ɗauki biro kin rubuta abin da kika tuna. Waya ta ƙware wajen sa mutum ya ji kamar ya yi karatu. Kin sauke fayil, kin danna masa tauraro, kin tura wa ƙawarki, ranki ya yi fari, alhali ko shafin farko ba ki buɗe ba. A cikin ɗari biyun nan, in aka cire waɗanda aka turo sau uku-uku, da littattafai masu shafi dubu da ba mai iya karanta su a kan allon da bai fi tafin hannu ba, da handawut ɗin wata jami'a da wani ya tsinto a Telegram, abin da ya shafi jarrabawarki da ƙyar zai wuce ashirin.

A shekarar 2006 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai wani ɗan rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi. Wasu kuma suka karanta, aka karɓe takardar, aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karantawa ne a gaba. Da aka gwada bayan mako ɗaya, masu rufewa su tuno sun bar su nesa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, masu maimaitawar sun fi kowa tabbacin cewa sun iya. Ke da kika yi Islamiyya ba sai an kai ki Amurka ba. Wa ya taɓa yin hadda ta hanyar kallon shafi? Rufe Alƙur'anin ake yi a biya, a kakare, a leƙa, a sake rufewa, gobe kuma a kawo wa malam da ka, ranar Laraba a yi muraja'ar na baya. Kakarewar nan da ke ba ki haushi, a nan karatun ke zama. Ita kuwa waya duk aikinta shi ne ta hana ki kakarewa: kafin ki yi daƙiƙa biyar kina lalube a ƙwaƙwalwarki, yatsanki ya riga ya nemo amsa.

Ɗauki rinin Gram ɗin da ya ba ki kunya. Bidiyon minti ɗaya zai nuna miki hannu cikin safa yana ɗiga ruwa kala-kala a kan gilashi: kiristal bayolet, sai ayodin, sai wankin alkohol, sai safranin. A ƙarshe ga wasu ƙwayoyin sun fito shunayya, wasu ruwan hoda. Kin gani, ya burge ki, kin wuce. Malaminku kuwa na tabbata "me ya sa" ya tambaya. Me ya sa waɗannan suka riƙe rinin farko, waɗancan suka sake shi? Saboda na farkon suna da bango mai kauri na feftidogilaikan, alkohol na taɓa shi sai ya tsuke, rinin da ayodin ya ɗaure ya maƙale a ciki. Na biyun bangonsu siriri ne, ga wani lulluɓi mai kitse a waje wanda alkohol ke narkarwa, rinin ya zube, safranin ya samu wurin kamawa. Wanda ya gane wannan, shi zai gane cewa in ya bar alkohol ya daɗe a kan gilashin, har masu bango mai kaurin ma za su fito ruwan hoda, ya rubuta sakamakon ƙarya. Kin kusa fita SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke zuwa. Ranar da aka miƙo miki samfurin ruwa ko na abinci a ɗakin gwaji, safa a hannunki, ba damar lalubo waya.

Sai batun ChatGPT. Fatawa ta malamai ce, amma hadisin da ke cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kin san shi tun kina ƙarama. Na'urar kanta ba ta da laifi. Laifin yana wurin miƙa wa malami abin da ba ke kika rubuta ba, sunanki da lambarki a sama, ki karɓi maki a kai. Wannan ha'inci ne, ko ChatGPT ya rubuta, ko wani ɗan aji huɗu da kika biya. Ki daina, daga wannan zangon. Ko an ajiye batun zunubi gefe ma, cinikin faɗuwa ne. Jinga da tes gaba ɗaya maki 30 ne ko 40 cikin 100, sauran 60 ko 70 suna zauren jarrabawa inda ake karɓe waya a ƙofa. Malami na ba da jinga ne don ki yi gumin da zai amfane ki a can. Kin sayar da saba'in ɗin jarrabawa kin sayi ɗan makin jinga, shi ya sa makin jinga ke kyau, sakamako na zubewa.

Akwai kuma abin da ya kamata ki sani game da yadda irin waɗannan manhajoji ke aiki, har da Meta AI da aka cusa muku cikin WhatsApp tun 2024. Jera kalmomi suke yi bisa abin da ya fi dacewa ya biyo baya, kuma murya ɗaya suke amfani da ita ko sun sani ko ba su sani ba. Sukan ƙirƙiro sunan marubuci, da sunan mujalla, da shekara, da lambar shafi, komai tsaf, alhali babu takardar a duniya. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar mata da hukunce-hukuncen shari'a da ChatGPT ya ƙago musu, a wata ƙara da ta shafi kamfanin jirgin sama na Avianca. Lauyoyi ke nan masu lasisi. Baɗi war haka kina shirin rubuta kundin kammala digiri, za ki tsaya gaban malamai ki kare shi. In mai duba kundinki ya nemi takarda ɗaya a jerin manazartarki ya ga babu ita, sauran ma ya daina yarda da su. Duk wata madogara da na'ura ta ba ki, ki neme ta a Google Scholar ko a AJOL, rumbun mujallun binciken Afirka, ki buɗe ta da idonki kafin ki sa.

Ban ce ki rabu da shi ba. Ki juya tsarin ne kawai: ke ki fara, shi ya biyo baya. Ki karanta babi a takarda, ki rufe, ki rubuta bayaninki da kanki ko da ya fito a karkace. Sannan ki buɗe shi ki ce ya yi miki tambayoyi goma kan babin, ɗaya bayan ɗaya, kada ya ba da amsa sai kin amsa. Ko ki rubuta masa bayanin naki ki ce ya nuna miki inda kika yi tsallake. In ya faɗi abin da ya saɓa wa littafi, littafi za ki bi, in abin ya ɗaure miki kai ki kai wa malami. A haka yana da amfani ƙwarai, ya fi abokan karatu da yawa haƙuri, kuma ba ya kawo hira.

TikTok kuwa, ki cire shi daga wayar har a yi hutu. Kada ki ce za ki sa masa awa, don makullin yana hannunki, kuma ƙarfe ɗayan dare ba wanda ke cika wa kansa alkawari. Asusunki ba ya ɓacewa don kin goge manhajar. Na san akwai masu koyarwa na gaske a ciki, amma ba ke ke zaɓar abin da zai biyo bayansu ba. Manhajar ce ke zaɓa, tana lura da inda yatsanki ya dakata, kuma ba ta da shafin ƙarshe. Kin shiga don rinin Gram, bidiyo na uku kwalliyar amarya ce, na biyar rigimar wasu 'yan fim, kafin ki farga an yi awa biyu. Ga cin data, a lokacin da tun farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100. Kafin ki yi mini musu, ki shiga saitin wayarki ki nemi Digital Wellbeing, ko Screen Time in iPhone ce, ki duba awannin makon jiya. Ki ga nawa TikTok ya ci, nawa WhatsApp, nawa manhajar buɗe PDF. Ba sai kin turo mini ba.

Ƙarfe biyun daren nan ma da kike kawowa a matsayin shaidar ƙoƙari, ni a wurina tana cikin abin da ya kayar da ke. A cikin barci ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana. Wadda ta kwanta biyu, ta tashi asuba, ta zauna lakcar ƙarfe takwas, jikinta ne kawai a ajin. In datar dare mai araha ce ke riƙe ki, ki jera abin da za ki sauke tun da rana, lokaci na yi ki danna, ki kife wayar ki kwanta.

Guruf bakwai sun yi yawa. Biyu sun isa: na sanarwar aji, da wani ƙarami na mutum huɗu ko biyar da kuke haɗuwa ido da ido ku yi wa juna tambayoyi. Na san yadda na ajin yake. Saƙo ɗari uku kafin azahar, ga Juma'a Mubarak, ga mai tallan atamfa da humra, ga 'yan Madrid da 'yan Barcelona, sanarwar cewa an mai da tes ƙarfe goma kuma ta nutse a tsakiya. Dole ki yi ta leƙawa don kada ta wuce ki, kowace leƙawa kuma sai ta ja ki zuwa sitatus. Maganin wannan yana hannun wakilin ajinku. WhatsApp na da saitin da admin kaɗai ke iya tura saƙo. Ku je ku biyu ko uku ku roƙe shi ya buɗe guruf na sanarwa zalla a kan wannan saitin, na hira kuma ya zauna daban ga mai so. Ba ke kaɗai za ki gode masa ba. Daga nan sai ki riƙa dubawa sau uku a rana, da safe, da azahar, da bayan isha'i.

Handawut ɗin kwasa-kwasan da kike yi a zangon, ki kai shago a buga miki su a takarda. Kuɗin da TikTok ke ci zai biya. Takarda ba ta kawo saƙo, ba ta mutuwa in an ɗauke wuta, kuma kina iya zane ta da biro. Wayar ki bar ta ga abin da takarda ba ta iyawa, kuma a nan kam tana da albarka. Littafin Maikurobayoloji na OpenStax, wanda Jami'ar Rice ta Amurka ke fitarwa, kyauta ne kuma halal, ba na sata ba. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN ta zuba littattafan kwasa-kwasanta a shafinta, kowa na iya saukewa, kuma da yake an rubuta su ne don ɗalibin da ba malami a gabansa, bayaninsu na da sauƙi. A YouTube akwai Khan Academy, akwai cikakkun lakcocin NPTEL na manyan cibiyoyin fasaha na Indiya. Sharaɗin ɗaya ne: ki shiga da tambaya a rubuce, ki kalli bidiyon da ya amsa ta da biro a hannu, ki fita. Kuma ki tuna ba Ba'indiyen ne zai duba takardarki ba. Shi zai fahimtar da ke, amma iyakar abin da za a tambaya tana cikin handawut ɗin malaminku da tsofaffin tambayoyinsa. Ki kuma taka zuwa sashen kwamfuta na laburaren makarantarku ki tambayi abin da suke da shi. Jami'o'i da yawa na da damar shiga manyan mujallu ta shirin Research4Life, ɗalibai na wuce ƙofar kullum ba su sani ba.

Makon farko da komawa, ki je wurin malamin da ke kula da ajinku kafin ki yi rajista. Kari-oba ake fara sawa, sannan sababbin kwasa-kwasai, kuma akwai iyakar yunit da ake yarda ɗalibi ya ɗauka a zango, yawanci 24. Ki tabbatar lakcocinsu ba su ci karo da na aji uku ba, kuma ki zauna ajin tare da ƙannenki, kada kunya ta sa ki ce za ki karanta a ɗaki.

Yanzu Abba. Ki faɗa masa batun kari-oba kafin ki ce komai game da waya. Zai ji ko ba daɗe ko ba jima, kuma in ya ji a wani bakin, ba wayar kaɗai za ki rasa ba, har da yardarsa, wadda ta fi wuyar dawowa. Ki fara da Umma, ta san lokacin da ya fi sauƙin kai. Ki bugo sakamakon a takarda ki miƙa masa, ki ce, "Abba, ka yi gaskiya, wayar ta ci mini lokaci, ga abin da ya faru." Kada ki yi kuka don ki tsere wa faɗan, ki bari ya gama. Mutumin da ya cire kuɗi ya sayi waya don karatu, ya ga karatun ya koma baya, yana da haƙƙin ya yi faɗa.

In ya huce, ko washegari, sai ki kawo shawararki. Ki karɓi 'yar ƙaramar da ya ce, da hannu biyu. Layin da gida ke kiranki ya koma cikinta, ita za ki riƙa ɗauka zuwa aji da laburare. Babbar ta zauna a kulle a ɗaki, ki buɗe ta a lokutan da kika tsara. Ki goge TikTok a gabansa. Ki nuna masa guruf ɗin ajin da handawut ɗin da ake turowa, don iyaye da yawa ba su taɓa ganin yadda abin yake ba, a zatonsu duk hira ce. Ki ce duk ranar Juma'a za ki turo masa hoton awannin da kika yi a wayar, kuma in sakamakon zangon farko bai kai abin da kuka yanka ba, da kanki za ki kawo masa ita. Ki faɗi lamba, kada ki ce "zan yi ƙoƙari".

In ya ce a'a duk da haka, ki bar ta a gida, kada ki sayi wata a ɓoye, kada kuma ki karɓi ta wani saurayi. Ki samu ƙawaye biyu a ajin, ba ɗaya ba, waɗanda za su riƙa kiranki in an canja wuri ko lokaci, ki riƙa sa musu kati lokaci-lokaci. Handawut kuma ki ba mai shagon buga takardu na kusa da sashenku lambar wakilin aji, yawancinsu ma suna da fayilolin tun kafin ɗalibai su zo nema. Abin da ya rage na bincike, kwamfutocin laburare sun ishe ki zango ɗaya.